Wa Ya Tsawwala Buhun Masara? Mazhabobin Tattalin Arziki a Ma'aunin Tudun Hatsi

Duk wanda ya zauna a rumfar dillalai a Tudun Hatsi, babbar kasuwar hatsi ta Gombe, cikin shekarar 2024, ya sha musun nan ko bai nema ba. Tambayar ɗaya ce: me ya sa buhun masara ya fi ƙarfin mai albashi? Wani ya ce manyan 'yan kasuwa ne suka saye suka kulle a sito. Wani ya ce, “Haba Alhaji, kuɗin mota fa? Tun da aka cire tallafin mai, wa ya ƙara yin lodi a tsohon farashi?” Na uku ya ce naira ce ta zama takarda, mutanen Nijar da Kamaru na shigowa da sefa suna kwasar hatsi kamar kyauta. Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya bari suka gama, sannan ya ce, “Ku yara ne. Gwamnati ce ta saki hannu. A zamaninmu akwai hukumar da ke saye ta adana.”

Babu ɗayansu da ya taɓa shiga ajin koyon tattalin arziki, amma kowa a cikinsu ya ja layi a bayan wani malami, a musun da masana suka shafe kusan shekara 250 suna tafkawa. Na kira su mazhabobi don kalmar ta fi kusa, sai dai da bambanci. Malaman fiƙihu sun haɗu a kan tushe, saɓaninsu a rassa yake. Waɗannan kuwa, ko sunan ciwon ba su yarda da juna a kai ba, balle magani. Kuma kowace mazhaba cikinsu wani ciwo ne na musamman ya haife ta, a wata ƙasa, a wani zamani. Wannan shi ne abin da ake yawan mantawa idan an kwaso ta an kawo mana.

Mu fara da wadda ke jan ragama a Abuja yanzu. Adam Smith, mutumin Sikotland, ya rubuta a 1776 cewa mahauci da mai gasa burodi ba don tausayinka suke ciyar da kai ba, don ribarsu ne, kuma wannan neman ribar, idan akwai gasa, shi ke wadata gari. Friedrich Hayek ya zo a 1945 ya ƙara wa maganar kaifi. A wurinsa farashi ɗan aike ne. Babu wani jami'i a ofis da zai san cewa ruwa ya yi gardama a Dukku, ko tsutsa ta shiga masara a Kaltungo, ko hanyar Dadin Kowa ta yanke. Amma duk wannan labarin yana isowa kasuwa a dunƙule, cikin farashin mudu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan hukuma ta ƙayyade farashi, ta toshe bakin ɗan aiken, sai kaya ya ɓace daga rumfa ya koma bayan fage.

Musulmi ba baƙo ba ne ga wannan tunani. Hadisin Anas sananne ne: kaya sun yi tsada a Madina, aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade farashi, ya ƙi, ya ce Allah ne mai tsayar da farashi. Ibn Khaldun ma, tun a ƙarni na 14, ya gargaɗi sarki kada ya shiga kasuwa yana gogayya da talakawansa, domin ƙarshenta kasuwa ta mutu, haraji ya ragu.

Da wannan idon aka kalli tallafin man fetur, kuma gaskiya ɗaya ce, hujjar ba ta banza ba ce. A 2022 kaɗai tallafin ya ci sama da naira tiriliyan 4. Wanda ke da motoci biyar ya fi mai keke morar sa, kuma wani kaso na man yana tsallake iyaka ta hannun 'yan fasa-ƙwauri. Canjin dala ma haka: a banki wajen naira 460, a hannun 'yan canji wajen 750. Wanda ke da hanya sai ya karɓa a nan ya sayar a can, ya zama attajiri bai motsa ko tsinke ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin a jawabin rantsuwarsa, a tsakiyar Yuni kuma aka saki naira. Litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura 1,000 a Oktoban 2024. Dala ta wuce naira 1,500 a Fabrairun wannan shekarar.

Inda mazhabar ke tuntuɓe shi ne sharaɗin da Smith da kansa ya kafa: gasa. Shi ne fa ya ce da wuya 'yan sana'a ɗaya su haɗu, ko da wajen shaƙatawa ne, a tashi ba su ƙulla yadda za su tsawwala wa jama'a ba. Ɗauki ƙaramin manomi a Balanga ko Funakaye. Da damina ya ci bashin ba-da-kaka, an ba shi taki da maganin feshi a kan zai biya da buhuna. Kaka na yi, mai bashi na tsaye a bakin gona, ga kuɗin makaranta, ga auren 'ya. Dole ya sayar lokacin da hatsi ya fi arha. Idan farashi ya tashi da bazara, ɗan aiken Hayek ya iso lafiya, amma gidan mai sito ya sauka, ba gidan manomi ba. Shi manomin ma a lokacin mai saye ne. Shari'ar da ta ƙi ƙayyade farashi ita ce kuma ta hana ɓoye abinci, ta hana tarar fatake a hanya kafin su san farashin kasuwa. Ibn Taimiyya ya rarrabe tsakanin tsadar da ƙarancin kaya ko yawan masu nema ya jawo, wadda ba a taɓa ta, da tsadar da wasu 'yan tsiraru suka ƙulla, wadda hukuma za ta iya tsoma baki a ciki. Matsalar dai, a rumfar kasuwa kamanninsu ɗaya.

Mai cewa naira ta zama takarda kuwa, almajirin Milton Friedman ne na jami'ar Chicago. Friedman ya tsaya kai da fata cewa hauhawar farashi a ko'ina lamari ne na kuɗi: kuɗi sun yi yawa, kaya ba su ƙaru ba. A nan ma akwai ƙamshin gaskiya. Gwamnatin Buhari ta yi ta ɗibar bashi kai tsaye daga Babban Bankin Najeriya, har a Mayun 2023 Majalisar Dattawa ta amince a mayar da naira tiriliyan 22.7 na wannan bashin zuwa na dogon zango. Wannan buga kuɗi ne, ko da wane suna aka raɗa masa. Mun ma taɓa gwada ra'ayin Friedman a jikinmu ba da niyya ba. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, tsabar kuɗi ta ɓace, sai ga akuya da buhun hatsi suna faɗuwa a kasuwannin ƙauye ga duk mai 'yan takardu a hannu. Jiki magayi.

Maganin 'yan wannan mazhabar shi ne a tsuke bakin aljihu ta hanyar ɗaga kuɗin ruwa. Paul Volcker, shugaban babban bankin Amurka na lokacin, ya yi haka a farkon shekarun 1980, ya kai shi wajen kashi 20 cikin ɗari, ya karya hauhawar farashi, ya kuma jefa miliyoyi cikin rashin aiki kafin a farfaɗo. Olayemi Cardoso, gwamnan Babban Bankin Najeriya, ya bi sawu: daga kashi 18.75 ya yi ta ɗagawa cikin 2024 har 27.5 a Nuwamba. Duk da haka hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamba. Ba zan ce bai yi aiki ba. Ya jawo masu zuba jari na waje da dalolinsu, naira ta daina zamewa kullum, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayen taki da magani. Amma a Amurka kusan kowa na da bashin banki a wuyansa, na gida ko na mota, shi ya sa linzamin ke kamawa nan take. Mai sayar da gero a Bajoga bai taɓa cin bashin banki ba. Kuɗin ruwa ba ya cike rami a hanya, ba ya korar 'yan bindiga daga gonakin Zamfara da Neja, ba ya rage shingayen da direba ke biya kafin ya kai Legas. Wanda linzamin ya shaƙe shi ne mai ƙaramar masana'antar sarrafa shinkafa, wato wanda ake fatan ya ƙara kaya a kasuwa.

Ga John Maynard Keynes kuma, wanda 'yan siyasarmu ke so ko da ba su san sunansa ba, domin shi ne ya halatta wa gwamnati kashe kuɗi. Ciwon da ya haifi mazhabarsa shi ne karayar tattalin arzikin duniya ta 1929. Masana'antu na nan da injinansu, ma'aikata na nan da ƙwarewarsu, amma kowa ya ƙanƙame aljihu, babu mai saye. A 1936 ya ce gwamnati ta ci bashi ta ba mutane aiki, kuɗi su zagaya. Ga masu cewa a yi haƙuri kasuwa za ta gyara kanta nan gaba, ya riga ya ba su amsa tun 1923: kafin nan gaban nan ta zo, duk mun mutu. Duniya ta koma gare shi a 2008, ta sake komawa a lokacin korona. Amurka ta zuba dala tiriliyan 2.2 a Maris na 2020, ta ƙara tiriliyan 1.9 a Maris na 2021. Da hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 a can a Yunin 2022, sai musun Tudun Hatsi ya tashi da Turanci: wasu suka ce kuɗi ne suka yi yawa, wasu suka ce jiragen ruwa ne suka maƙale, kuma yaƙin Rasha da Yukren ya tsawwala mai da alkama da taki.

Mu namu ciwon daban ne. Injinan da ke jiran mai saye ba su da yawa, domin babu wutar da za ta juya su. Idan aka zuba kuɗi a hannun jama'a, sai su bi kayan waje, su koma neman dala. Dattawa na tuna ƙarin albashin Udoji na 1975, yadda kuɗin ariya suka shigo, farashi ya bi su a guje. Sannan Amurka da kuɗinta take cin bashi, mu kuwa wani ɓangare na bashinmu da dala za mu biya. Akwai kuma rabin karatun da ba a son karantawa: a tara a lokacin yalwa. Wannan ko ba Keynes mun san shi daga ƙissar Annabi Yusuf (AS). An buɗe asusun rarar kuɗin mai a 2004, ya kai wajen dala biliyan 20 a 2008, aka yi ta yagar sa har ya zama labari.

Dattijon nan mai kewar hukumar sayen amfanin gona shi ya fi ba ni tausayi, kuma mazhabarsa ce ta fi shafar tarihin yankinmu. Raúl Prebisch, ɗan Ajantina, ya nuna a 1950 cewa ƙasar da ke sayar da ɗanyen kaya tana sayen sarrafaffe kullum a ƙasa take, domin darajar auduga na ja baya idan aka gwada ta da ta inji. Kafin shi Alexander Hamilton a Amurka a 1791, da Friedrich List na Jamus a 1841, sun ce jaririyar masana'anta sai an goya ta kafin ta yi kokawa da ƙato. Gombe ta san wannan karatu a aikace. Auduga da gyaɗa ne suka raya garin, jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960 yana kwasa zuwa bakin teku. Da kuɗin mai suka zo aka ce mu ma mu ƙera: aka kafa Steyr a Bauchi da haɗin gwiwar mutanen Ostiriya don harhaɗa taraktoci da manyan motoci, aka kafa kamfanin simintin Ashaka, aka fara Ajaokuta a 1979.

A 1968 Koriya ta Kudu ta kafa kamfanin ƙarfe na POSCO, ko da yake Bankin Duniya ya nuna aikin ba zai yi riba ba. Yau yana cikin manyan kamfanonin ƙarfe na duniya, Ajaokuta kuwa har yanzu ana yi masa alkawari. Mazhaba ɗaya, sakamako biyu. Bambancin, a ganina, gwamnatin Park Chung-hee goyo take yi da sharaɗi: ga bashi mai sauƙi, ga kariya, amma sai ka sayar da kayanka a kasuwar duniya, in ka gaza a janye. Mu kuwa muka yi goyon da babu ranar yaye. Yawancin sassan da ake harhaɗawa daga waje ake shigo da su, don haka da dala ta yi wuya a shekarun 1980, sai injuna suka yi tsit. Ashaka ya rayu ne saboda dutsen da yake ci a ƙarƙashin ƙafarsa yake.

Sai SAP, wato shirin sake fasalin tattalin arziki, ta zo a 1986. Janar Babangida ya buɗe muhawara a 1985, 'yan ƙasa suka ce ba sa son bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, aka ƙi bashin, aka ɗauki sharuɗɗansa. Aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Masana irin su Dokta Yusufu Bala Usman a Zariya suka yi ta kashedi. Amma a faɗi gaskiya ko da dattijo zai ji haushi: hukumomin nan ba waliyyai ba ne, sun daɗe suna sayen amfanin manomi ƙasa da farashin duniya, rarar ta tafi gina birane. Laifin da aka yi shi ne an rushe rumbun ba a gina wani ba. Ingantaccen iri, tantance daraja, tabbacin mai saye, duk suka tafi tare. Da masaƙun Kaduna suka rufe a shekarun 2000, auduga ta rasa mai nema. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Buhari ya dawo da goyo: shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers da ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, da rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Injinan shinkafa sun ƙaru ƙwarai, wannan kowa ya gani. Shinkafa kuma ta yi tsada, bashi mai yawa bai dawo ba, domin wasu sun ɗauke shi rabonsu ne na arzikin ƙasa. Siminti ma haka: manufar gwamnati ta 2002 ta ƙarfafa yin sa a gida ta sa mun daina dogaro da na waje, amma kamfanoni ƙalilan ne ke riƙe da kasuwar, mai ginin ɗaki ɗaya shi ya san abin da yake biya.

Abin da ya kamata ya tsaya mana a rai shi ne yadda malaman da suka koya mana sakin kasuwa suka canza rawa da kiɗa ya canza. A Agustan 2022 Amurka ta ware wajen dala biliyan 52 don tallafa wa masu ƙera ƙwaƙwalwar na'urori a cikin gida. A 2024 Joe Biden ya ɗora harajin kashi 100 a kan motocin lantarki na Sin. A Afrilun 2025 Donald Trump ya yi wa kusan duk duniya ruwan haraji, har da mu. Indiya ta hana fitar da wani nau'in farar shinkafa a Yulin 2023 don kare tukunyar 'yan ƙasarta, ba ta nemi fatawar kowa ba. Hamilton ya dawo gida kenan. Ba wai sun gano Smith ya yi ƙarya ba ne, ciwonsu ne ya sauya, daga neman arha zuwa tsoron dogaro da abokin hamayya.

Kada dai mu yi saurin tafi, mu ce to mu ma a rufe ko'ina. Farantan sola da mai noman rani a Dadin Kowa ke sa wa injin ban-ruwa, ya huta da sayen fetur, arharsu daga tallafin da gwamnatin Sin ta zuba wa masana'antunta ta fito, har ƙasar ta mamaye sama da kashi 80 na ƙera su. Ga Amurka wannan barazana ce. Ga manomin tumatir kuwa, wani ne ya biya masa rabin kuɗi. Duk wanda zai hana shigo da su da sunan kishin ƙasa, sai ya fara nuna mana masana'antar da za ta maye gurbi, da ranar da za a yaye ta.

Akwai wani masani da ban ji mai wakiltar sa a rumfar ba, alhali maganarsa ce ta fi kusa da abin da ido ke gani. Amartya Sen, ɗan Indiya, yana yaro ya ga yunwar Bengal ta 1943, daga baya ya nuna cewa mutane na iya mutuwa da yunwa ga abinci jibge a kasuwa, idan abin da suke samu ya kasa sayen sa. Tudun Hatsi ba ta taɓa zama fayau ba a 2024. Buhuna na nan, tireloli na lodi. Aljihun lebura da malamin firamare ne ya rame. Kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai bayan cire tallafi, amma sai a Yulin 2024, bayan fiye da shekara guda, aka sa hannu a mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda kuma bai shafi mai tura baro ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Motocin haya masu sauƙi da ingantacciyar rajistar mabuƙata su ya kamata su riga jawabin ranar rantsuwa, ba su biyo bayansa ba. Zanga-zangar farkon Agustan 2024 daga wannan giɓin ta fito.

A Yulin 2024 ɗin dai gwamnati ta sanar da janye harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150. Cikin 2025 hatsi ya sauko, mutanen birni suka yi ajiyar zuciya. Sai kuka ya koma ƙauye, domin masara ta faɗi amma taki bai bi ta ba. Manomin da ya zuba yuriya da tsada ya tarar sai ya sayar da buhu fiye da ɗaya kafin ya mayar da kuɗin buhun taki guda. Almajirin Smith zai ce ɗan aike ne ya kawo saƙo, a rage noman masara. Almajirin Prebisch zai ce an yanka manomin gida don a faranta wa birni. Ni dai na fi karkata ga rumbun gwamnati mai ƙa'ida a fili, wanda zai saya da kaka idan farashi ya faɗi ƙasa da wani mizani, ya fitar da bazara idan ya haura wani, a kuma riƙa bayyana abin da ya shiga da abin da ya fita. Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da nauyi: wa zai riƙe makullin?

A rumfar nan yanzu musun ya sauya. Masu cewa an ɓoye kaya sun yi shiru, don wasu masu siton ma sun tafka asara. Maganar da ake yi ita ce ta damina mai zuwa. Na ji wani manomi daga wajen Kumo na gaya wa dillalinsa cewa bana zai rage masara, ya ƙara waken suya da riɗi, tunda su ba su cika cin taki ba. Dillalin ya ce, “To Malam, in kowa ya yi haka, baɗi wa zai kawo mana masarar?” Manomin ya ɗaure bakin buhunsa, ya ce wannan kuma sai a tambayi waɗanda suka buɗe iyaka.